Sakin sitiyari a manyan motocin a-kori-kura na Amurka

Sakin sitiyari shi ne halin da direba ke jin sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa yayin da mota ke gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Ya ɗan murza dama ko hagu, tayoyin gaba ba su amsa nan take ba, motar ta riƙa yawo a cikin layinta, sai an yi ta gyara mata zama kamar mai kora dabba da sanda. An fi jin wannan kuka a bakin masu manyan a-kori-kura na Amurka, wato Ford F-250 da F-350, Ram 2500 da 3500, da Chevrolet Silverado da GMC Sierra masu lamba 2500HD da 3500HD. A rabe-raben motoci na Amurka, su ne waɗanda nauyin da aka yarje musu, mota da kayanta, ya kama daga fam 8,501 zuwa 14,000, kimanin kilo 3,860 zuwa 6,350. Wani ɓangare na sakin daga ƙirar motar yake, wani kuma daga cinyewar kayan ƙasa. Duk wanda bai rarrabe waɗannan biyun ba, kuɗinsa zai zuba a inda ba ciwon yake ba.

Yadda aka gina sitiyarin

Ƙananan motoci, har da ƙananan a-kori-kura irin su F-150 tun daga 2004, suna amfani da rak: sandar ƙarfe mai haƙora a kwance, wani ɗan giya yana tura ta, bakinta biyu a haɗe da tayoyi. Hanyar gajeriya ce, shi ya sa motar ke amsa hannu da wuri. Manyan ba haka suke ba. Nasu akwatin sitiyari ne da aka ɗaure a jikin shasi. Sandar da ta sauko daga hannun direba tana ƙarewa da zare irin na kusar noti, a kanta akwai wani dunƙulen ƙarfe, tsakaninsu kuma ƙwayoyin boris ne ke kewayawa suna dawowa don rage gogayya. Idan aka murza sitiyari, dunƙulen ya matsa, haƙoransa su juya wata sandar da ta leƙo ta ƙasan akwatin, ita kuma ta kaɗa wani gajeren hannun ƙarfe, hannun ya tura doguwar sanda zuwa taya ɗaya, tayarod ya kai motsin ga ɗayar. Sashen Saginaw na kamfanin General Motors ne ya fito da wannan akwati, aka fara sa shi a Cadillac a 1940.

Dalilin da ya sa masu ƙera manyan motoci ba su rabu da shi ba a fili yake. Yana da juriya, yana ba da ƙarfin murza taya mai ɗauke da nauyi, ba ya kuma maido wa direba duka a hannu idan taya ta faɗa rami. Injin dizal na waɗannan motoci, Cummins ko Power Stroke na lita 6.7 ko Duramax na lita 6.6, nauyi ne babba da ke zaune a kan tayoyin gaba, ga masu ɗaura garmar ture ƙanƙara a gaban motar lokacin hunturu. Sai dai gaɓoɓin sun yi yawa. Daga hannun direba zuwa taya akwai mahaɗai da dama, kuma ɗan wasan da bai kai kaurin farce ba a kowace, idan ya taru, a gefen sitiyari ake ganinsa da faɗin yatsu.

Akwai kuma bambanci a ƙafar gaba. Ford da Ram masu jan taya huɗu suna da aksil guda tilo da ya haɗa tayoyin biyu, wata sanda da aka gicciya daga shasi zuwa aksil ɗin ita ke hana shi zamewa gefe. A ƙafar gaban, Ford ta bar sifirin mai ganye ta koma mai naɗi a 2005. General Motors kuwa kowace tayar gaba da nata hannun, don haka ciwon nasu ya fi fitowa a hannun akwatin sitiyari da abokinsa na ɗaya gefen. Masu Land Cruiser 79 a ƙasashen Sahel sun san wannan ɗabi'a, domin ita ma akwatin boris gare ta da aksil guda.

Abin da ke kawo sakin

Kafin a zargi akwati, taya ake fara dubawa. Tayoyin ɗaukar kaya na waɗannan motoci suna karɓar iska har 80 a ma'aunin mai faci, kuma wannan adadin na cikakken lodi ne. Idan motar ba komai a bayanta, tayar da aka cika tam tsakiyarta kaɗai ke taka kwalta, sai ta riƙa bin duk wani kwari da tayoyin tirela suka yi wa titi. Faffaɗar taya mai manyan haƙora ta shiga daji ita ma haka take yi.

Na biyu, wanda direbobi da yawa ba su sani ba, shi ne kwanciyar sandar da taya ke juyawa a kanta, abin da masu alaimen ke kira kasta. Idan samanta ya ɗan jingina baya, taya takan nemi miƙewa da kanta bayan an sha kwana, kamar yadda keke ke tafiya a miƙe ko an saki hannu. Da zarar mai mota ya ɗaga gabanta da inci biyu don ta yi kyan tsayuwa, aksil ɗin yakan ɗan mirgina, kastar ta ragu, sitiyari ya daina komawa tsakiya. Babu abin da ya lalace, amma direban zai rantse cewa motar ta saki. Tirela ma tana da nata. Wadda ake maƙalawa a bayan mota takan ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta a kan ƙugiyar, bayan ya danne, gaba ya yi sama, tayoyin da ke riƙe da hanya su rasa nauyin da suke buƙata.

Sai cinyewa ta gaskiya: boljoyin, kan tayarod, bushin sandar da ke riƙe aksil, boris ɗin taya, da haƙoran cikin akwatin kansa. Gwajin da makanikai suka dogara da shi ba ya buƙatar na'ura. A ajiye motar a ƙasa, tayoyi a miƙe, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan dama da hagu, ɗaya ya kwanta a ƙasa da tocila yana ɗora hannu a kan kowace gaɓa. Inda ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo, ko aka ji ɗan ƙas a tafin hannu, nan ne. Dokar tarayyar Amurka ta motocin haya ta kayyade wasan sitiyari da digiri 30 ga mai taimakon inji, 14 ga wanda babu, amma direba yana gajiya tun kafin a kai nan.

A saman akwatin akwai wata kusa mai noti da ke matse haƙoran. An ƙera su ne su fi kamuwa a tsakiya, inda mota ta fi daɗewa. Ɗaure wannan kusa da ka, ba tare da awo ba, ganganci ne: wasan zai ɓace, amma sitiyari zai riƙa cijewa ya ƙi dawowa, wanda ya fi sakin hatsari.

Rawar ajali

Akwai wata matsala dabam da ake yawan haɗa ta da saki. Motar mai aksil guda ta taka wani tudu ko mahaɗin gada tana cikin gudu, sai gaban ya kama karkarwa mai tsanani, sitiyari yana fizgar hannu, ba ta lafawa sai an rage gudu sosai. Amurkawa suna kiranta da sunan da ke nufin rawar ajali. Yawanci sandar riƙe aksil ce ta yi wasa, ko taya ba ta da balans, ko kasta ta yi kaɗan. Ɗan shokazoban da ake ɗaurawa a sandar sitiyari yana danne karkarwar, amma sa sabo a kan gaɓar da ta cinye rufe ciwo ne da tsumma. Sandunan nan ba abin wasa ba ne: a 2019 an yi kiranyen Ram 2500 da 3500 fiye da 570,000 a Amurka saboda wani noti a doguwar sandar sitiyari da kan iya kwancewa.

Ire-iren taimakon sitiyari

Francis W. Davis ya gwada sitiyari mai aiki da matsin mai a motar Pierce-Arrow a 1926, amma sai a 1951 Chrysler ta fara sayar da shi a Imperial. Tsarin bai canja sosai ba: bel yana juya famfo, famfo ya tura mai zuwa akwati, wani bawul da ke jin murɗar hannun direba ya buɗe wa man hanya ya tura fistin dama ko hagu. A yawancin masu dizal famfon nan ɗaya ne ke taimakon birki, domin injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da birkin motar fetur ke amfani da ita. Shi ya sa tsinkewar bel ɗaya ke taurara sitiyari da birki tare.

Na lantarki zalla, wanda Suzuki ta fara sa wa Cervo a 1988, ya mamaye ƙananan a-kori-kura: F-150 a 2011, Ram 1500 a 2013, Silverado 1500 a 2014. Manyan sun daɗe a kan mai, saboda ƙarfin da ake buƙata a murza tayar da ke tsaye ƙarƙashin wannan nauyi ya yi wa batir mai bolt 12 yawa. Abin da kamfanonin suka yi shi ne ɗora kwamfuta a kan tsohon tsarin. General Motors ta fito da Digital Steering Assist a 2016, mai sassauta sitiyari wajen faki, ya ƙara masa nauyi a babbar hanya, ya kuma rage jan da gangaren titi ke yi wa mota. Ford a 2017 ta sa ɗan injin lantarki da giya a cikin cibiyar sitiyarin kansa, wanda ke canja yawan juyin da taya ke yi a kan kowace murɗa gwargwadon gudu. A 2020 ta ƙara Pro Trailer Backup Assist, inda direba ke juya wani ɗan maɓalli motar ta murza sitiyari da kanta wajen komawa baya da tirela.

Waɗannan duka suna gyara yadda sitiyari ke ji a hannu, kuma ga mai tafiyar sa'o'i da tirela, ƙarin nauyin nan a tsakiya yana rage gajiyar kafaɗa ƙwarai. Amma dukansu a sama da akwatin ko a cikinsa suke aiki. Daga hannun akwatin zuwa taya, sanduna ne da bushi da boljoyin irin na da, kuma kwamfutar ba ta ganin wasan da ke cikinsu.