Daga katse intanet zuwa ƙirƙirarriyar basira: waiwaye kan fafutukar haƙƙin jama'a a ƙasashe masu tasowa

A watan Satumban 2024, kwamitin ƙwararru da Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa domin duba yadda za a tafiyar da fasahar ƙirƙirarriyar basira ya fitar da rahotonsa, kuma akwai wani lissafi a cikinsa da aka yi ta maimaitawa. Kwamitin ya zaɓi manyan tsare-tsare bakwai da ƙasashe suka ƙulla a wajen Majalisar kan wannan fasaha, sai ya tarar cewa ƙasashe bakwai ne kawai suke cikinsu duka, yayin da ƙasashe 118, waɗanda galibinsu masu tasowa ne, ba sa cikin ko ɗaya. Wanda ya daɗe yana bibiyar rikicin mulkin intanet ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ƙorafin ya girmi wannan fasaha da shekaru masu yawa.

Ana iya ɗauko zancen daga taron ƙoli na duniya kan al'ummar sadarwa, wanda aka yi zangonsa na farko a Geneva a 2003, na biyu kuma a Tunis a 2005. Abin da ya fi ɗaukar zafi a lokacin shi ne ikon da gwamnatin Amurka take da shi a kan ICANN, hukumar da ke kula da sunaye da adireshin intanet, inda ƙasashe irin su Brazil suka nemi a mayar da wannan iko hannun ƙasashen duniya baki ɗaya. Ba su samu ba. Abin da aka ba su shi ne wani dandalin tattaunawa na shekara-shekara, wanda ya fara zama a Athens a 2006, kuma ba shi da ikon yanke hukunci a kan komai. Shugaban Senegal na wancan lokaci, Abdoulaye Wade, ya kawo shawarar kafa asusun tallafa wa ƙasashe matalauta su samu hanyoyin sadarwa, amma aka bar shi a matsayin na ganin dama, bai kuwa yi ƙarko ba. Wani abin lura shi ne, ƙasar da ta karɓi baƙuncin zango na biyu, wato Tunisiya a ƙarƙashin Ben Ali, tana cikin waɗanda suka fi toshe shafukan intanet da ɗaure masu rubutu a cikinsu. Tun daga nan masu fafutuka suka gane cewa gaba biyu suke fuskanta: manyan ƙasashe da kamfanoninsu a waje, da kuma gwamnatocinsu a gida.

A ƙarshen Janairun 2011 gwamnatin Hosni Mubarak ta katse intanet a Masar na kimanin kwana biyar, abin da ya nuna wa duniya cewa umarni ɗaya zuwa ga kamfanonin sadarwa ya isa a rufe bakin ƙasa guda. Shekara guda da rabi bayan haka, a Yulin 2012, Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin da ya ce duk haƙƙin da mutum yake da shi a zahiri wajibi ne a kare masa shi a intanet. Nijeriya da Turkiyya suna cikin ƙasashen da suka jagoranci gabatar da ƙudurin, kuma kowacce daga cikinsu ta zo ta toshe Twitter daga baya. Tonon asirin da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya yi a 2013 ya juyo da hankali zuwa ɗaya ɓangaren, har shugabar Brazil, Dilma Rousseff, ta caccaki leƙen asirin Amurka a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan a Afrilun 2014 ta rattaba hannu kan dokar Marco Civil ta haƙƙoƙin masu amfani da intanet, wadda aka tattara ra'ayin jama'a a fili kafin a rubuta ta. A wannan shekarar ce ƙungiyoyin farar hula suka fitar da sanarwar Afirka kan haƙƙoƙi da 'yanci a intanet, kuma Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanan jama'a. Sai da aka shekara tara kafin a samu ƙasashe 15 da ake buƙata su tabbatar da ita, don haka ba ta fara aiki ba sai a Yunin 2023.

Sanarwowin ba su hana komai ba. A 2017 Kamaru ta yanke intanet a yankunanta biyu masu magana da Turancin Ingilishi na kusan wata uku. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta na wata 16 daga Maris 2018. Uganda ta ɗora harajin shilling 200 a kowace rana kan mai amfani da su. Yankin Tigray na Habasha kuma ya kwashe kimanin shekara biyu a rufe daga Nuwamban 2020. Inda aka fara ganin canji shi ne a kotuna. A Janairun 2019 babbar kotun Zimbabwe ta ce ministan da ya ba da umarnin katse intanet ba shi da hurumin yin hakan. A Janairun 2020 Kotun Ƙolin Indiya, a shari'ar da ta shafi Kashmir, ta ce ba a yarda a dakatar da intanet ba tare da wa'adi ba, kuma dole a riƙa wallafa umarnin domin wanda abin ya shafa ya iya ƙalubalantarsa. A Yunin 2020 kotun ECOWAS ta samu Togo da laifi kan katsewar da ta yi a lokacin zanga-zangar 2017, sannan a Yulin 2022 ta ce dakatar da Twitter da Nijeriya ta yi na kimanin wata bakwai ya saɓa wa doka. Gaskiya ne waɗannan hukunce-hukunce sukan zo ne bayan an riga an yi ɓarnar, kuma ƙawancen KeepItOn, na ƙungiyoyin da ke yaƙi da katse intanet, ya ƙirga katsewa 296 a ƙasashe 54 a 2024, wanda ke nuna al'adar ba ta mutu ba. Duk da haka, sun mayar da abin da a da ake ɗauka ikon gwamnati ne tsagwaronsa zuwa abin da za a iya gurfanar da ita a kansa, kuma wannan ya fi duk wata sanarwa da aka karanta a ɗakin taro amfani.

Kamfanoni ma sun sha nasu rabon. A Fabrairun 2016, bayan gagarumin gangami, hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta tsarin da Free Basics na Facebook ya dogara a kansa, wato bai wa talaka wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta a bar masa sauran intanet da kuɗi. A 2018 aka fallasa Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook domin yaƙin neman zaɓe, aka kuma gano cewa ta taɓa sa hannu a harkokin zaɓen Kenya da na Nijeriya. Mafi muni shi ne Myanmar, inda masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce Facebook ya zama makami a hannun masu yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya, kamfanin da kansa kuma ya amsa a ƙarshen 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba. Tushen matsalar harshe ne: kamfanin ya shiga ƙasar da ba shi da isassun ma'aikata masu jin harshenta, manhajojinsa na gano kalaman ƙiyayya kuwa ba a horar da su da shi yadda ya kamata ba. A nan ne batun na'urar da ke yanke shawara a madadin mutum ya shigo cikin fafutukar, tun kafin a fara kiransa da sunan mulkin ƙirƙirarriyar basira.

Haka nan batun rajistar ɗan ƙasa. Shari'ar Aadhaar, tsarin shaidar ɗan ƙasa na Indiya, ce ta kai Kotun Ƙolin Indiya ga yanke hukunci a Agustan 2017 cewa sirrin mutum haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. A Kenya, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan ƙabilar Nubi, waɗanda suka daɗe suna shan wahala wajen samun katin shaida, tana cikin waɗanda suka kai ƙarar shirin rajistar 'yan ƙasa na Huduma Namba, kuma a Janairun 2020 kotu ta hana tattara bayanan ƙwayoyin halitta da na wurin zaman mutum ta tauraron ɗan'adam, ta kuma ce sai an samar da cikakken tsarin kariya kafin a ci gaba. Dokokin kare bayanai suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu da kamannin dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018: Brazil a 2018, Kenya a 2019, Nijeriya da Indiya a 2023. Abin da gwamnatoci suka fi ƙi shi ne dokar da za ta ɗaure hannunsu kai tsaye, kamar ƙudurin haƙƙoƙi da 'yancin intanet da ƙungiyar Paradigm Initiative ta yi ta turawa har Majalisar Tarayyar Nijeriya ta zartar, amma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa masa hannu a 2019.

Lokacin da duniya ta fara rubuta ƙa'idojin ƙirƙirarriyar basira, an sake komawa gidan jiya. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin tantance fuska na kasuwa suna kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, alhali kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi ɗaya ba. Amma da wasu masu bincike a Zurich suka tattara takardun ƙa'idoji 84 a 2019, sai suka ga yawancinsu daga Amurka da Turai suka fito, Afirka da Kudancin Amurka kuwa kusan babu su. Ko manyan tarukan kimiyya da aka yi a Kanada a 2018 da 2019, an hana masana da dama daga Afirka bizar halarta. Ƙa'idojin OECD na 2019 na ƙungiyar ƙasashe masu arziki ne, ko da yake wasu sun bi sahu; shawarar UNESCO ta Nuwamban 2021 ce kaɗai ta haɗa ƙasashe 193, ita kuma ba ta tilasta wa kowa komai.

Bayyanar ChatGPT a Nuwamban 2022 ta fito da wani ɓangare da takardun ƙa'idoji ba su cika taɓawa ba, wato aikin ɗan'adam da ke ƙarƙashin na'urar. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton cewa ma'aikatan kamfanin Sama a Nairobi, waɗanda aka sa su karanta da rarraba rubuce-rubucen kisa da fyaɗe da cin zarafin yara domin a koya wa manhajar guje musu, ana biyansu ƙasa da dala biyu a awa. Tun kafin wannan, wani tsohon mai tantance saƙonnin Facebook ɗan Afirka ta Kudu, Daniel Motaung, ya maka Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, da Sama a kotun ƙwadago ta Kenya, wasu abokan aikinsa sama da 180 kuma suka shigar da tasu ƙarar bayan an sallame su. Hujjar Meta ita ce ba ta da rajista a Kenya kuma ba ita ta ɗauke su aiki ba, amma kotu ta ƙi karɓa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a Satumban 2024 cewa ana iya shari'a da kamfanin a ƙasar. A ganina wannan hukunci ya fi yawancin takardun manufofi nauyi, domin tsarin ba da kwangilar aiki ga wani kamfani a wata nahiya an gina shi ne dama don kada alhaki ya koma kan kamfanin da ya ba da aikin.

A ɓangaren gwamnatoci, abin da ya fi yawa shi ne takardun dabaru. Mauritius ta fitar da tata a 2018, Rwanda ta amince da manufarta a 2023, Nijeriya ta fitar da daftari a Agustan 2024, Kenya ta ƙaddamar da tata a Maris 2025, Tarayyar Afirka kuma ta amince da dabarar nahiya a Accra a Yulin 2024. Wanda ya karanta su zai ga cewa sun fi karkata ga jawo jari da horar da matasa da gina cibiyoyin adana bayanai, kuma ba laifi ba ne a nahiyar da, bisa ƙiyasin hukumar sadarwa ta duniya, kashi 38 cikin ɗari ne kawai na mutanenta suke amfani da intanet a 2024. Sai dai da wuya a samu wadda ta fayyace inda mutum zai kai kuka idan manhaja ta hana shi bashi, ko ta cire sunansa daga masu karɓar tallafi, ko ta nuna fuskarsa ga 'yan sanda bisa kuskure. Brazil ce ta ɗan yi nisa, domin majalisar dattawanta ta zartar da ƙudurin doka a Disamban 2024 wanda ya rarraba manhajoji gwargwadon haɗarinsu.

Kalmar da ta fi yawo a bakin ministoci yanzu ita ce 'yancin ƙasa a kan bayananta, kuma masu fafutuka suna karɓarta ne da taka-tsantsan. A gefe guda, wannan iko ne ya ba Kenya damar dakatar da shirin kuɗin kirifto na Worldcoin a Agustan 2023 lokacin da dubban mutane suka yi layi ana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu a ba su kuɗin, shi ne kuma ya ba hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya damar cin tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024. A ɗaya gefen, gwamnatin da ta ce a ajiye bayanan 'yan ƙasa a cikin gida ita ce za ta fi kowa sauƙin kai hannu gare su, kuma wasu daga cikinsu tuni suka sayi kyamarorin gane fuska, kamar yadda 'yan sandan Uganda suka yi daga Huawei, ba tare da dokar da ta iyakance amfani da su ba.

A fagen duniya kuwa, taron Bletchley, wanda Birtaniya ta shirya a Nuwamban 2023 kan haɗarin ƙirƙirarriyar basira, ya samu sa hannun Nijeriya da Kenya da Rwanda da Indiya da Brazil, amma ajandarsa haɗarin manyan manhajoji ce da kamfanoni ƙalilan suke ƙerawa, ba albashin ma'aikacin Nairobi ko harshen da na'ura ba ta ji ba. A taron Paris na Fabrairun 2025, wanda Indiya ta shugabanta tare da Faransa, Amurka da Birtaniya sun ƙi sa hannu a kan sanarwar ƙarshe. Shi ya sa ƙasashe masu tasowa suka nace a mayar da zancen Majalisar Ɗinkin Duniya, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. Yarjejeniyar fasahar zamani da Majalisar ta amince da ita a Satumban 2024 ta yi alkawarin hakan, kuma a Agustan 2025 babban zauren Majalisar ya kafa kwamitin masana kimiyya mai mutum 40 tare da dandalin tattaunawa na duniya kan mulkin ƙirƙirarriyar basira. Aikin kwamitin shi ne nazari da fitar da rahoto, na dandalin kuma musayar ra'ayi, kuma ƙudurin da ya kafa su bai ba ko ɗaya daga cikinsu ikon kafa doka ko hukunta kamfani ba.