Mene ne "man ƙamshin tsiro" da ake fesa wa kaji?

Masu kiwon kaji sun fara yawan ambatonsa a matsayin maganin ƙwarƙwatar kaji, wasu ma har da sunansa na Turanci, esenshal oyil. Ana kuskuren fassara shi da "mai mai muhimmanci". Sunan ya fito ne daga kalmar da ke nufin ainihin ƙamshin abu. Idan ka murza ganyen na'ana'a a yatsunka ka shinshina, abin da ya bugi hancinka shi ne man. Yawanci da tururi ake tatso shi: a turara ganye ko fure ko ɓawo, tururin ya huce ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe.

Da wannan ya bambanta da man darbejiya, wanda matsewa ake yi daga ƙwallo. Ɗiga man darbejiya a takarda, maiƙo zai zauna. Ɗiga na na'ana'a, jim kaɗan ya bi iska.

Ƙwarƙwatar kaza kuwa tauna take yi, tana cin gashi da ɓawon fata, kuma duk rayuwarta a jikin kazar take. Buɗe gashin da ke kusa da dubura ko ƙarƙashin fiffike, za ka gan su suna gudu, rawaya-rawaya, ga ƙwayayensu farare sun dunƙule a gindin gashi. Kaza ta yi ta susa, ta rame, ƙwai ya ragu.

Man kanumfari yana da sinadarin yujinol, na na'ana'a mentol, na kirfa sinamaldehaid. Waɗannan suna shiga ta fatar ƙwaro da kafofin numfashinsa, su rikita masa jijiyoyi har ya mutu. Amma saurin bin iskar nan shi ne rauninsa. Bai daɗe a jiki, bai kuma cika kashe ƙwayayen ba, su kuwa cikin kwana 4 zuwa 7 suke ƙyanƙyashewa. Wanda ya fesa sau ɗaya ya naɗe hannu, bayan mako zai ga kamar bai yi komai ba. Sai an maimaita, an kuma share akurki.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar "na tsiro ne" tamkar "ba ya cutarwa". Man nan tsantsarsa yana ƙona fata, kuma numfashin tsuntsu bai jure ƙamshi mai ƙarfi, balle 'yan tsaki a rufaffen ɗaki. Dole a sirka shi sosai, kuma tunda mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai an sa ɗan sabulu, in ba haka ba kaza ɗaya ce za ta sha tsantsar da ke yawo a sama. Gwargwadon sirkin, likitan dabbobi ne zai faɗa.

Shi kansa sunan an taɓa fakewa da shi. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai, bayan an gano cewa wani maganin feshi da aka sayar wa gonaki a Holand da Beljiyam a matsayin na tsirrai an cakuɗa shi da fifronil, maganin ƙwari da aka hana amfani da shi a kan dabbobin da ake ci.