Shin ƙona busassun ganye yana ƙara wa lambu taki?

Da kaka ta yi, da yawa kan tara busassun ganye su cinna wuta, a ganinsu toka taki ce. Akwai ƙamshin gaskiya, domin toka tana da sinadarin fotashiyam. Sai dai naitirojin, mai sa alayyafo da latas su yi kore shar, hayaƙi yake bi ya tafi, tokar kuma iskar hunturu ta kwashe. Ganyen da aka shimfiɗa a ƙasa kuwa yana riƙe danshi, ya ruɓe ya zama taki.

Ku gwada: ku lulluɓe fangali ɗaya da ganye, ku bar ɗaya haka, ku ba su ruwa daidai. Bayan kwana uku ku cusa yatsa a ƙasar kowanne. Don Allah a tura wa masu lambu wannan bayani.