Waiwaye: Yadda aka bar mata a bayan layi a siyasar Najeriya

A zaɓen tarayya na 1959, matan Kudancin Najeriya sun kaɗa ƙuri'a, amma matan Arewa suna gida. Jam'iyyar NPC mai mulkin yankin ta ƙi amincewa da ba su wannan dama, tana kafa hujja da al'ada da addini. Jam'iyyar adawa ta NEPU ta Malam Aminu Kano ce ta tsaya kai da fata sai an ba su, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan haka. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi ƙarƙashin mulkin soja, mace a Arewa ta fara zaɓe, kundin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da shi.

Wannan jinkiri ya yi tasiri ƙwarai. Kafin mata su shigo, maza sun riga sun kafa jam'iyyu, sun raba muƙamai, sun san juna. Sannan sojoji suka shafe shekaru suna mulki, kuma majalisar mulkin soja ba wurin da mace ke zama ba ne. Franca Afegbua ce mace ta farko da aka zaɓa sanata a 1983, ba ta yi wata huɗu ba aka yi juyin mulki.

Da aka dawo farar hula a 1999, mata 3 ne a cikin sanatoci 109. Adadin ya kai 9 a 2007, ya sake faɗowa zuwa 4 bayan zaɓen 2023. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba, duk da rawar da Aisha Jummai Alhassan ta taka a Taraba a 2015 da Aishatu Binani a Adamawa a 2023.

A ganina, ba a ranar zaɓe ake kayar da mata ba, tun a zaɓen fid da gwani ake gamawa da su. Kowa ya san layin mata ya fi tsawo a rumfar zaɓe. Amma tikiti ana yanke shi ne a taron tsakar dare a gidan uban gida, inda matar aure ba za ta zauna ba tare da an yi mata ƙazafi ba. Jam'iyyu kan yi wa mata rangwamen kuɗin fom, to amma fom ba shi ne tsadar ba, daliget ne, da motocin kamfe, da 'yan jagaliya. Ga kuma batun asali: a jihar mijinta a ce ita baƙuwa ce, a jihar iyayenta a ce ai ta yi aure ta tafi. Abin da ya rage mata shi ne kujerar shugabar mata, wato raba atamfa da tara jama'a ranar gangami.

Manufar ƙasa kan daidaiton jinsi ta 2006 ta yi alkawarin kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata, sai dai manufa ba doka ba ce. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudirori biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa tun a 2000 ta kafa dokar kaso, ta fara da kashi 10 na kujerun zaɓe, ta ɗaga zuwa 25 a 2019.