Gishirin miya ba ya mai da ruwan famfo ruwan teku

A Yamai, da yawa sun ɗauka in ka cika babban akwatin gilashi na kiwon kifin teku da ruwan famfo, ka watsa gishirin miya ko na Bilma, ka haɗa teku ke nan. Ba haka ba ne. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma a ciki har da magniziyam, kalsiyam da wasu ma'adanai da gishirin miya ba ya bayarwa. Sai an nemo gishirin da aka haɗa musamman don kifin teku.

Ko an same shi, kada a saka kifi ranar farko. Ruwan yana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi su hayayyafa. In aka yi gaggawa, sai ka ga kifin ya taso saman ruwa yana haki, abin tausayi.