Ruwan rini: a tace shi kafin ya shiga kwata

Marina da masu rinin shadda a gida, da ku nake. Kakanninmu a Kofar Mata ta Kano, inda ake rini tun 1498, da baba da toka suka yi aiki. Yau yawancinmu garin kala na kanti muke jiƙawa da soda, in an gama a sheƙar da baho a kwata. Kwatar nan ba a banza take tafiya ba. A Kano kwatoci da yawa rafin Jakara suke faɗawa, kuma da ruwan Jakara masu lambu ke ban ruwan latas da alayyahu. Wani ruwan kuma ya tsuma cikin ƙasa ya tarar da rijiyar maƙwabci.

Abin da ke damuna shi ne tafasawa ba ta fitar da kala, tata da tsumma ma haka, domin ta riga ta narke. Wasu kalolin da ake kira azo, idan suka ruɓe, suna sakin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin mafitsara.

Abin da ke kama kala shi ne gawayi. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kalar na bi ta ciki sai ta manne. Wanda aka gyara da tururi ko sinadari, faɗin cikin ramukan giram 1 kacal nasa na iya haura murabba'in mita 500. Masana suna yin sa daga buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa da totuwar masara, abin da muke ƙonawa a bola! Sukan haɗa shi da yumɓu, don kowanne da irin kalar da ya fi kamawa, ko da garin ƙarfe yadda maganaɗisu zai janye shi bayan ya gama aiki.

A gida, a huda gindin duro, a shimfiɗa tsakuwa, sai yashi, sai dakakken gawayi mai kauri. A bar ruwan rinin ya kwana ya kwanta, sannan a zuba a hankali. Gawayin girki bai kai gyararre ƙarfi ba, amma yana ragewa. Da kala ta fara fitowa ta ƙasa, gawayin ya ƙoshi, a sauya.

Ruwan ko ya yi fari tas ba na sha ba ne, sodar tana nan. Gawayin da ya ƙoshi kuma kada a yi girki da shi, kada a kai gona. A sa safar roba, a ƙulle shi a buhu, a binne nesa da rijiya.