Saka giraf (zanen lambobi) a shafin yanar gizo daga ɓangaren saba: tambayoyin da ake yawan min

Wai shi mataimakin zane na saba ɗin nan, mene ne shi?

Ɗan guntun kod ne da aka riga aka rubuta maka, kai dai ka miƙa masa lambobinka ka ce ga irin zanen da kake so, shi kuma ya zana tun a can kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, kafin komai ya iso burauzar mai karatu. Wanda na fi sabawa da shi shine Chart na ASP.NET Web Pages, wanda Microsoft suka fito da shi tare da kayan gina shafuka na WebMatrix da MVC 3 a farkon 2011, yana cikin System.Web.Helpers. Injin da ke ƙarƙashinsa ba sabo bane, asalinsa fasahar kamfanin Dundas ce da Microsoft suka saya a 2007, shi yasa yake da nau'in zane sama da 30, akwai na sanduna, na layi, na da'ira mai yanka-yanka kamar kankana, da sauransu.

Ya ake rubuta shi?

Gajere ne wallahi. Ka ƙirƙiri new Chart ka ba shi faɗi da tsawo, misali 600 da 400, sai AddTitle ka saka take, sai AddSeries inda za ka ba shi xValue wato sunayen watanni ko kayayyaki, da yValues wato lambobin, daga ƙarshe ka kira Write. In bayanan a rumbun bayanai suke ba sai ka jera su da hannu ba, ka yi kwerinka, wato tambayar da kake aika wa rumbun, ka miƙa sakamakon wa DataBindTable ka faɗa masa wane layin tebur (column) ne na sunaye.

Na saka shi a tsakiyar shafina sai komai ya lalace, me ya faru?

Nan ne kowa ke faɗawa, ni ma na faɗa. Lokacin da nake haɗa wa wani mai shagon magani ɗan manhajar lissafin ciniki, yana so ya dinga ganin cinikin kowane wata a zane, na ɗauki kod ɗin na dasa shi ƙarƙashin teburin ciniki na danna, sai teburin da take da komai suka ɓace, na kwana ina duba kwerina alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da ban gane ba a lokacin shine Write ba rubutun HTML yake fitarwa ba, hoto yake fitarwa, JPEG in baka canza ba, kuma yana gaya wa burauza cewa amsar nan gaba ɗayanta hoto ce, to kaga shafi ɗaya ba zai zama rubutu kuma ya zama hoto a lokaci guda ba.

Maganin shine ka ware wa zanen nasa fayil daban, a ce Ciniki.cshtml, ba komai a ciki sai kod ɗin zanen, sannan a babban shafin ka saka img, wato alamar HTML ta nuna hoto, wanda src ɗinsa (adireshin hoton) ke nuna wancan fayil ɗin. Burauza za ta fara ɗauko shafin, ta ga img, ta sake komawa saba karo na biyu ta karɓo hoton. In a MVC kake, wani action daban za ka yi masa. Duk wanda ya riƙe wannan ya gama da rabin wahalar.

To ba zai gajiyar da saba ba in mutane sun yi yawa?

Zai gajiyar, tunda duk wanda ya buɗe shafin sai an sake tambayar rumbu an sake zana hoto. Don haka akwai SaveToCache da GetFromCache, ka ba zanen suna ka ajiye, in baka saka lokaci ba minti 20 yake zama. Cinikin watan da ya wuce ai ba zai canza ba, kana iya kiran Save ka ajiye shi hoto a folda kawai.

Me yasa ba zan yi amfani da Chart.js kawai ba kamar kowa?

Ka yi mana, in abin da kake so kenan. Chart.js kod ne na JavaScript, a wayar mai karatu yake zana, ana taɓa sanda a ga lambarta, yana daidaita kansa da girman allo, hoton saba kuwa a kafe yake ba ya motsi. Amma ni har yanzu akwai inda nake zaɓar hoton, don mai shagon nan tsohuwar waya ce da shi kuma netwok ɗin unguwarsu sai a hankali, hoto ɗaya ne zai sauko ba sai an jira JavaScript ba, kuma yakan danne shi ya tura wa ɗan'uwansa ta WhatsApp, ko a saka shi cikin imel ko PDF ba tare da wani ƙarin aiki ba. Akwai ma na tsakiya irin Chartkick a Rails, layi ɗaya kake rubutawa a saba kamar line_chart amma zanen kansa burauza ce ke yi.

Haruffanmu masu lanƙwasa fa, suna fitowa?

Ku kula da wannan don Allah. Tunda a saba ake zana hoton, font ɗin da ke kan saba ne ke aiki ba na wayar mai karatu ba, in bashi da ƙ da ɗ da ɓ sai ka ga ƙananan akwatuna a maimakon "kuɗin shiga". Theme ɗin Chart, wato tsarin kamanninsa, rubutun XML ne, a ciki za ka iya canza font ɗin, kuma ka gwada a kan sabar gaske ba kwamfutarka kaɗai ba.

Yana aiki a ASP.NET Core, wato sabon tsarin ASP.NET?

A'a, ba a ɗauko shi zuwa Core ba, a tsohon .NET Framework ya tsaya. In tsohuwar manhaja kake kula da ita ka ci gaba da shi, in sabuwa ce kuma hoto kake so ka duba ScottPlot, masu Python kuma Matplotlib, tsarin dai ɗaya ne, adireshi daban mai dawo da hoto sai img ya nuna shi.